Shigar da mai cutar mantuwa gwajin magani: taimako ne ko zakaran gwajin dafi?

Abu_Hafsat

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masanan da ke cikin zauren nan. Idan aka ce ana neman masu cutar mantuwa su shiga gwajin sabon magani, mece ce ribar wanda ya shiga? Rabin mutanen ba ma za su samu maganin ba, ruwan gishiri za a riƙa ɗura musu. Ga shi wanda ake maganar tunaninsa ya fara rauni, wataƙila bai ma san abin da ya sa wa hannu ba. Kuma yawancin magungunan da aka gwada a wannan fanni faɗuwa suka yi. Wannan ba mayar da dattijo zakaran gwajin dafi ba ne? Bayani nake so dalla-dalla.

Likitar_Jijiya

Wa alaikumus salam Malam Abu Hafsat. Tambayar tana kan hanya, kuma duk wanda zai kai mahaifinsa ya kamata ya yi ta.

Bari in fara da girman matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan lalura sun haura miliyan 55, kuma kowace shekara ana samun ƙarin kusan miliyan 10. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in Alzheimer ne. Sauran akwai wadda toshewar jijiyoyin jini ke kawowa, da ta Lewy mai zuwa da gane-gane, da ta goshin ƙwaƙwalwa wadda hali ke fara canzawa kafin mantuwa ta bayyana.

Duk ƙwayar da likita ke rubutawa yau, wasu ne suka fara hadiyarta a gwaji. Donepezil da Amurka ta amince da shi a 1996, rivastigmine, galantamine, sai memantine a 2003. Waɗannan sassauta alamomi suke yi na wani lokaci, cutar kuma tana ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. Daga 2003 aka shafe kusan shekara 18 ba a samu wani sabo ba. Alois Alzheimer ya bayyana cutar tun 1906, amma har yau babu abin da ke warkar da ita. Idan aka daina gwaji, inda muke nan za mu tsaya.

Mai_Ƙididdiga

Maganar faɗuwa gaskiya ce, ta ma fi yadda ka faɗa muni. Wani nazari da aka wallafa a 2014 ya bi magunguna 244 da aka gwada tsakanin 2002 da 2012, ɗaya kacal ya tsallake. Kashi 99.6 cikin 100 sun faɗi.

Amma ruwan gishirin nan da kake kuka da shi, shi ne garkuwar kowa. Dubi semagacestat. An sa mutum fiye da 2,600 a gwajinsa, sai a watan Agusta 2010 aka tsayar, domin an ga waɗanda ke shan maganin suna lalacewa da sauri fiye da waɗanda ke shan holoƙo, wato abin da ya yi kama da magani amma babu magani a cikinsa, ga ƙarin kansar fata. To ka yi tunani a ce babu rukunin holoƙo. Cutar dama ci gaba take yi. Likita zai ga majinyaci yana ƙara rikicewa ya ce ai cutar ce, babu mai zargin maganin. Da yanzu yana kasuwa ana saye.

Kuma akasin haka ma na faruwa. Mai mantuwa yana da ranar daɗi da ranar rikicewa. Iyali masu sa rai za su ga sauƙi ko babu shi. Shi ya sa ake rabawa ta ƙuri'ar kwamfuta, kuma ake rufe wa kowa ido, da majinyaci da likita da mai auna tunani, babu wanda ya san wane rukuni mutum yake.

Gaskiya_Ɗaya

Duk na ji. Amma har yanzu ba ku amsa wa Malam ba. Ribar duniya kuka faɗa. Shi ribar dattijon da aka ɗora wa allura yake tambaya.

Harhaɗa_Magani

Gyara kaɗan a kan saƙon farko. Ba kullum ake raba biyu daidai ba. Wasu gwaje-gwajen mutum biyu ke samun magani ɗaya holoƙo, wasu kuma rukuni uku ne, ƙaramin awo da babban awo da holoƙo. Takardar amincewa dole ta faɗi rabon. Sannan ba a ƙwace maganin da mutum yake sha. Idan yana kan donepezil ko memantine yawanci zai ci gaba, sharaɗin dai a ce awon bai canza ba na wasu makonni kafin a fara, galibi har zuwa wata uku. Saboda haka wanda ya faɗa rukunin holoƙo bai rasa abin da yake da shi a da ba.

Likitar_Jijiya

Malam Gaskiya_Ɗaya, ba zan yi maka kwana-kwana ba. An shirya gwaji ne don a samu amsa, ba don a warkar da wanda ya shiga ba. Duk ma'aikacin da ya ce wa iyali "ku kawo shi ya samu sauƙi" ya saɓa ƙa'ida. Abin da mai shiga yake samu tabbas shi ne bincike mai zurfi da zai tabbatar da ainihin abin da ke damunsa, da sa ido akai-akai. Abin da wataƙila ya samu shi ne maganin, idan ƙuri'a ta faɗa masa kuma maganin ya yi aiki. Abin da yake bayarwa kuwa lokaci ne mai yawa, da wahalar zirga-zirga, da haɗarin illa. Wannan shi ne ma'aunin, kowa ya ɗora nasa.

Nas_Rukayya

Bari in zayyana yadda abin yake a aikace, don mutane na zaton daga zuwa sai allura.

Kafin komai akwai tantancewa, kuma tana iya ɗaukar wata ɗaya zuwa biyu. Ranar farko za a zauna a karanta takardar amincewa, sai a ɗauki tarihin lafiya da jerin duk abin da mutum ke sha, har da na gargajiya da ƙarin sinadarai. Sai gwajin tunani, irin su MMSE mai maki 30. A gwajin sabon maganin nan lecanemab an karɓi masu maki 22 zuwa 30 ne, 'yan shekara 50 zuwa 90. Wato waɗanda cutar ta fara taɓawa kawai. Wanda ya kai matakin rashin gane 'ya'yansa ba ya cikin irin wannan gwaji. Wannan shi ne abin da ya fi karya zuciyar iyalai, domin sai abu ya yi nisa suke neman taimako.

Daga nan jini: sinadarin B12, aikin maƙoƙo, ƙoda, hanta, suga. Sai awon bugun zuciya, sai hoton MRI na minti 30 zuwa 45. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki dole ya faɗa tun farko. Ƙarshe sai a tabbatar akwai daskararren furotin ɗin amiloid a ƙwaƙwalwa, ta hoton PET ko ruwan ƙashin baya.

Mutane da yawa a nan suke faɗuwa. A gwaje-gwajen amiloid ba abin mamaki ba ne fiye da rabin waɗanda aka tantance su kasa shiga. Wani babu amiloid, wani makinsa ya yi ƙasa, wani hoton ya nuna tsofaffin ɗigon jini fiye da huɗu. A shirya wa dattijo zuciyarsa tun kafin a je, kada ya ɗauka an ƙi shi ne.

Akwai kuma sharaɗin da ake mantawa: abokin rakiya. Dole a samu mutum ɗaya da ke tare da majinyacin sa'o'i da yawa kowane mako, wanda zai riƙa zuwa ana tambayarsa shi kaɗai a wani ɗaki. Yana iya biyan kuɗi ya karɓi canji daidai? Yana ɓata a hanyar da ya sani? Ya bar wuta a kunne? Amsar wannan mutum tana cikin makin. Idan yau ɗa ya zo, gobe 'ya, jibi maƙwabci, bayanan sun gurɓace.

Ummu_Sadiq

Yaya Rukayya, ruwan ƙashin bayan nan shi ke korar mutane. Ana cewa yana shanye ƙafa.

Nas_Rukayya

'Yar'uwa, lakar da ake tsoron a taɓa tana ƙarewa ne a wajen ƙashin baya na farko ko na biyu na ƙugu. Allurar kuma tsakanin na uku da na huɗu ake sa ta, ko na huɗu da na biyar, ƙasa da inda lakar ta tsaya. Mutum zai kwanta a gefe ya naɗe gwiwa zuwa ƙirji, ko ya zauna ya sunkuya kan matashi. A wanke wurin, a yi allurar kashe zafi, sannan a sa siririyar allura ruwan ya riƙa ɗiga da kansa, fari tas kamar ruwan sha. Mililita 10 zuwa 15 ake ɗiba, jiki kuwa yana sarrafa kusan 500 a rana, cikin 'yan sa'o'i ya mayar. Duk aikin bai fi rabin sa'a ba.

Abin da ke faruwa da gaske ciwon kai ne. Alamarsa: yana tsananta in an tashi zaune, yana lafawa in an kwanta. Yakan wuce cikin kwanaki, kuma allura mai dakusasshen baki tana rage shi sosai, a tambaya ko irinta za a yi amfani da ita. In ya ƙi wucewa ana ɗibar jinin mutum a zuba a wurin ya toshe hujin. Haɗarin da ya fi girma na mai shan maganin tsinka jini ne da bai faɗa ba.

Mai_Hoto

Ƙari a kan haka, gwajin jini na furotin ɗin p-tau217 ya fara rage wannan wahala. A watan Mayu 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko don taimaka wa gano cutar. Shi ma daga jinin 'yan sa-kai aka gina shi, waɗanda suka yarda aka ɗebi jininsu da ruwan bayansu aka kwatanta da hoton PET. Ba su sha magani ko ɗaya ba, amma sun sauƙaƙa wa na baya.

Tunda an ambaci illa, bari in yi maganar ARIA, don ita ce babbar barazanar waɗannan sababbin magunguna. Amiloid ba cikin naman ƙwaƙwalwa kawai yake taruwa ba, har da bangon ƙananan jijiyoyin jini. Idan magani ya fara kankare shi, bangon yakan yi yoyo. Ko dai ruwa ya tsatso wurin ya kumbura, ko jini ya ɗiga. A gwajin lecanemab kashi 12.6 cikin 100 sun samu kumburin, kashi 17.3 sun samu ɗigon jini. A na donanemab kumburin ya kai kashi 24, kuma mutum uku sun rasu ta dalilinsa.

Yawancin masu shi ba sa jin komai, a hoto kawai ake gani, kuma yakan zo ne a watannin farko. Shi ya sa aka tsara hoton MRI kafin ƙarin ruwan lecanemab na 3 da na 5 da na 7 da na 14. Wanda ya tsallake hoton don yana jin garau ya yi ganganci. Alamomin da za a ruga asibiti a kansu: sabon ciwon kai mai tsanani, ƙarin ruɗewa farat ɗaya, jiri, gani dishi-dishi, tangaɗi, farfaɗiya.

Ga wani abu da ke iya kashewa. Waɗannan alamomi suna kama da na shanyewar ɓarin jiki. Idan aka kai mutum sashen gaggawa ba a san yana cikin gwaji ba, za a iya yi masa allurar narkar da gudan jini, jini ya ɓalle a ƙwaƙwalwa. Katin gwajin da ke ɗauke da lambar waya ta dare da rana kada ya bar aljihunsa, abokin rakiya ma ya riƙe nasa.

Gaskiya_Ɗaya

To duk wannan haɗarin don me? Ku faɗa wa jama'a sakamakon. A gwajin lecanemab, mutum 1,795, wata 18, ma'auni mai maki 18. Masu holoƙo sun lalace da maki 1.66, masu magani 1.21. Bambanci 0.45. Rabin maki ma bai cika ba. Shi ne ake ta yayatawa da kashi 27 cikin 100. Babu wanda ya samu sauƙi, kowa ƙasa ya yi.

Mai_Ƙididdiga

Lissafinka daidai ne, kuma masana da dama suna tare da kai cewa iyali ba lallai su ga wannan bambanci da ido ba. A Ingila hukumar magunguna ta amince da shi a 2024, amma hukumar da ke auna fa'ida da tsada ta ƙi yarda asibitocin gwamnati su riƙa bayarwa.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa a dubi ma'aunin da kyau. Fanni shida ne: tunawa, sanin lokaci da wuri, yanke shawara, harkokin waje, ayyukan gida, kula da kai. A farkon cutar, tashi daga 0.5 zuwa 1 a fanni ɗaya shi ne bambanci tsakanin wanda ke fita harkarsa da ɗan wahala da wanda ba ya iyawa sai da taimako. In aka juya shi zuwa lokaci, jinkirin kamar wata biyar ne cikin 18. Ko wata biyar ya cancanci zuwa asibiti sau 39, wannan ba ƙididdiga ce za ta yanke ba.

Amma ka lura, da me kake wannan gardamar? Da 1.66 ɗin nan. Waɗanda aka ɗura wa ruwan gishiri ne suka ba ka ita. Ba don su ba, sai abin da kamfani ya faɗa.

Harhaɗa_Magani

Don masu tambayar daga ina 39 ta fito: lecanemab ƙarin ruwa ne ta jijiya duk mako biyu, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 60 zai karɓi 600, cikin kamar sa'a ɗaya, sannan a zauna a sa masa ido. Mako 78 a raba biyu, 39. Kusan kashi 26 cikin 100 sun samu zazzaɓi ko rawar sanyi ko jiri lokacin ɗurin, galibi a karon farko. Donanemab duk mako huɗu ne, kuma ana dakatarwa idan hoto ya nuna amiloid ya kau.

Dattijo_Sule

Masha Allah, ashe dai an samu maganin da ke wanke ƙwaƙwalwa.

Likitar_Jijiya

Baba, a yi hankali da wannan kalma. Yana kwashe amiloid, haka ne, amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa dawowa. An koyi wannan darasi tun daga rigakafin AN1792, wanda aka tsayar a 2002 bayan kusan kashi 6 cikin 100 sun samu kumburin ƙwaƙwalwa. Wasu daga cikin mahalartan sun yi wasiyyar a duba ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa. Aka tarar amiloid ya ragu ƙwarai a wasunsu, alhali mantuwar ta ci gaba har ƙarshe. Daga nan aka fahimci abu biyu: a riƙa ba da garkuwar da aka sarrafa a waje maimakon tunzura jiki ya ƙera tasa, kuma a fara da wuri. Gwajin da ya faɗi ne ya nuna hanyar.

Malam_Ɗa'a

An yi nisa an bar mafi nauyin tambayar Abu Hafsat, wato yardar wanda tunaninsa ya raunana.

Tsoron zama zakaran gwajin dafi yana da tushe a tarihi. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke ci, har bayan an samu fenisilin. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 duk daga irin wannan ta'asa suka samo asali. Yau babu gwajin da ya halatta sai kwamitin ɗa'a mai zaman kansa ya duba shi, kuma a manyan gwaje-gwaje akwai wani kwamitin daban da shi kaɗai ke ganin wane ne ke kan me, yana da ikon cewa a tsaya. Irinsa ne ke gano matsala kamar wadda Mai_Ƙididdiga ya ambata.

Samun cutar mantuwa ba ya nufin mutum ya rasa ikon yanke shawara. Abu huɗu ake dubawa: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi har ya yi tunani a kai, ya auna amfani da illa, ya faɗi zaɓinsa. Ba a tambayarsa "ka gane?" domin kowa zai ce e. Cewa ake yi, "Baba, faɗa min da bakinka, me za a yi maka? In ka ce ka fasa, me zai faru?" Masu matakin farko da yawa suna amsawa sarai.

Idan ba zai iya ba, wakilin da dokar ƙasar ta yarda da shi ne zai sa hannu, kuma abin da ake so ya tambayi kansa shi ne me mai abin zai zaɓa da yana cikin hayyacinsa. Duk da sa hannun wakili, ƙin majinyaci yana sama. In ya janye hannu daga allura, ya yi ta kuka a bakin na'urar hoto, ya ce a mayar da shi gida, wannan a'a ce. Ba a danne shi, ba a yi masa wayo. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa cikin harshensa a gaban shaida wanda ba ma'aikacin gwajin ba. Kuma tunda gwajin wata 18 ne, wanda ya sa hannu da kansa a farko yana iya rasa ikon a tsakiya. A naɗa wakili tun ranar farko, a gabansa, da zaɓinsa.

Fita kuma haƙƙi ne, kowace rana, ba sai an ba da dalili ba, kuma ba za ta shafi kulawar da yake samu ba. Abin da ake roƙo kawai a dawo ziyarar ƙarshe don a duba lafiyarsa.

Ummu_Sadiq

Malam, idan 'ya'ya suka rabu fa, wasu na so wasu ba sa so?

Malam_Ɗa'a

In mai abin yana da ikonsa, maganarsa ce, ko duk gidan sun ƙi. In ba shi da shi, a doka wakili ne, amma a aikace gwajin da aka shiga cikin rigima ba ya kai ƙarshe. Gara a kira kowa zaman bayani da likitan gwajin, musamman wanda zai riƙa ɗawainiyar kai wa da kawowa. Sau da yawa wanda ya fi ƙarfin murya ba shi ke zaune da majinyacin ba.

Mai_Hoto

Akwai abin da ya shafi 'ya'yan kai tsaye ma. Ana auna ƙwayar gado ta APOE4, domin mai kwafi biyu kusan ɗaya cikin uku ke samun kumburin nan da lecanemab, har Ingila da Tarayyar Turai suka cire su daga masu karɓa. To in uba yana da kwafi biyu, kowane ɗa nasa yana da aƙalla ɗaya. Ɗaukar ta ba hukuncin kamuwa ba ne, ƙarin haɗari ne kawai, amma ba kowa ke son sani ba. A yi wannan magana kafin a ɗebi jinin.

Hajiya_Bilki

Kuna ta magana kamar bincike duk allura ne. Ba haka ba ne, kuma mai lafiya ma ana nemansa.

A Finland, gwajin FINGER ya ɗauki mutum 1,260 'yan shekara 60 zuwa 77 na tsawon shekara biyu. Motsa jiki, gyaran cima, horar da ƙwaƙwalwa, da kula da hawan jini da suga. Sakamakon 2015 ya nuna sun fi ɗaya rukunin a gwajin tunani. SPRINT MIND kuma, mai mutum sama da 9,300, ya kwatanta sauke awon jini na sama zuwa ƙasa da 120 da barinsa ƙasa da 140, aka samu raguwar kashi 19 cikin 100 a raunin tunani na farko-farko. Rahoton kwamitin Lancet na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ciki har da raunin ji, raunin gani, shan taba, kaɗaici da ƙarancin ilimi, ya ce suna da alaƙa da kusan kashi 45 cikin 100 na masu cutar.

Akwai kuma binciken da kallo kawai ake yi. 'Yan zuhudu mata 678 a Amurka sun yarda ana gwada tunaninsu duk shekara, kuma suka ba da ƙwaƙwalwarsu bayan mutuwa. A nan aka ga wasu ƙwaƙwalwarsu cike da alamun Alzheimer amma har suka rasu hankalinsu garau. Sannan akwai bincike a kan masu jinya su kansu, yadda za a rage musu gajiya, yadda za a shawo kan fitar dare da tashin hankalin yamma ba tare da maganin barci ba. Wanda ke tsoron ARIA ƙofa ba ta rufe masa ba.

Mai_Ƙididdiga

Hajiya, gyara ɗaya. A SPRINT MIND raguwar da ta tabbata ta raunin farko ce. Ta cikakkiyar cutar mantuwa ba ta kai matakin tabbaci ba a rahoton 2019, wani ɓangare saboda an tsayar da gwajin da wuri da aka ga amfaninsa ga zuciya. Kashi 45 ɗin kuma ƙiyasi ne daga alaƙa, ba daga gwaji ba. Ba ya nufin wanda ya kamu shi ya jawo wa kansa.

Likitar_Jijiya

Wani dalilin da ya sa shiga ke da muhimmanci shi ne su wa ake gwadawa. Fiye da kashi 60 cikin 100 na masu cutar suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, amma manyan gwaje-gwajen a ƙasashe masu arziki ake yi. A gwajin lecanemab baƙaƙen fata ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Kuma jiki ba ɗaya ba ne. Binciken da aka fara a 1992 yana kwatanta tsofaffi a Ibadan da baƙaƙen Amurka a Indiyanafolis ya gano cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, kuma alaƙarta da APOE4 ta fi rauni a can. Maganin da ba a gwada a kan irin jikinka ba, da zato ake ba ka shi.

Har ma'aunin tunanin yana da wannan matsala. MMSE yana cewa ka riƙa cire 7 daga 100, ka rubuta jimla, ka kwafi zane. Wanda bai taɓa riƙe biro ba zai faɗi alhali lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa aka ƙirƙiro irin su RUDAS, da IDEA da aka gina a Tanzaniya. Su ma sai da ɗaruruwan tsofaffi suka zauna aka gwada su a kansu.

Abu_Hafsat

Allah ya saka da alheri. Wasu abubuwan sun warware, musamman batun ƙin majinyaci. Amma ta yaya mutum zai bambance gwaji na gaskiya da na 'yan damfara?

Nas_Rukayya

Nemi lambar rajista. A ClinicalTrials.gov tana farawa da NCT sai alƙaluma takwas. Akwai kuma rumbun Hukumar Lafiya ta Duniya da ya haɗa rajistocin ƙasashe, da PACTR na nahiyar Afirka. Amma rajista kaɗai ba ta wadatar ba, don ba tantance inganci ba ce. Nemi sunan kwamitin ɗa'ar da ya amince da lambar wayarsu, ka kira. Idan aka ce ka biya kuɗi don ka shiga, ko aka yi alƙawarin waraka, ko aka ce sai ka sa hannu yau, ko aka hana ka tafiya gida da takardar ka nuna wa likitanku, tashi ka fita.

Sai tambayoyin da za ka rubuto: mataki na nawa ne gwajin? Na ɗaya mutum 'yan gommai ne, lafiyar maganin ake dubawa, kuma nan rashin sani ya fi yawa. Na biyu 'yan ɗaruruwa, ana neman awo. Na uku shi ne mai dubbai. Ziyara nawa, sa'a nawa kowace? Wa zai biya kuɗin mota? In illa ta faru wa zai ɗauki nauyin jinya, akwai inshora? Bayan an gama, masu holoƙo za su samu maganin na gaske? Yawancin manyan gwaje-gwaje suna da wannan zango na biyu, amma ba duka ba. Za a sanar da ku sakamakon?

Gaskiya_Ɗaya

Na ƙarshen nan a nemi a rubuce. Sau da yawa mahalarta a labarai suke fara jin an tsayar da gwajinsu, kamar yadda ya faru da gwajin maganin aducanumab a watan Maris 2019. Ni har yanzu ina kan bakana cewa nauyin da ake ɗora wa iyali ya fi abin da ake mayar musu. Ban ce kada a shiga ba. Na ce masu shirya gwaji su daina ɗaukar abokin rakiya kamar direba.

Hajiya_Bilki

A nan kam muna tare. Ziyara 39 aiki ne, kuma mafi yawan masu yin sa mata ne da ke da wasu ɗawainiyoyin.

Ummu_Sadiq

Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Wanda aka tantance aka ce bai dace ba, ana ba shi hotunansa da sakamakon jininsa ya kai wa likitansa, ko suna riƙewa?

Nas_Rukayya

Ya danganta da tsarin gwajin. Duk abin da ke buƙatar magani, kamar ƙarancin B12 ko matsalar maƙoƙo ko wani ƙari da hoto ya nuna, dole a sanar da ku a tura ku inda ya dace. Sakamakon amiloid da na APOE4 kuwa wasu na bayarwa bayan zaman bayani, wasu ba sa bayarwa. Yana cikin takardar amincewa, galibi wajen shafukan ƙarshe inda ake maganar sirrin bayanai. Ki duba nan kafin a ɗebi komai, kuma ki tambaya ko za su ajiye sunansa don wani gwajin da sharuɗɗansa suka bambanta.